Mai Uwa a Gindin Murhu: Tunani Kan Rabon Gadon Asibiti a Sakkwato

A ƙarshen daminar bara, lokacin da gero ya fara nuna kuma zazzaɓin cizon sauro ya shiga kusan kowane gida a unguwarmu ta Mabera, ƙanena ya buga mini ƙofa bayan sallar isha'i, ɗauke da ɗansa mai shekara 3 a kafaɗa. Yaron ya kwana 4 yana fama da zazzaɓi, an ba shi maganin kemis bai ji ba, har tafin hannunsa ya yi fari fat, numfashinsa kuma yana fita sama-sama. Muka sa shi a mota muka nufi wani asibiti a cikin gari, wanda ba zan ambaci sunansa ba, domin abin da zan ba da labari laifina ne kafin ya zama laifin kowa.

Da muka isa ɗakin yara muka tarar da shi maƙil. Gado ɗaya yara biyu, wani ma uku, iyaye mata kuma sun shimfiɗa tabarmi a baranda suna jiran a kira su. Malamar jinyar da ke bakin aiki ta duba idon yaron da tafin hannunsa, ta ce lallai yana buƙatar ƙarin jini da iskar oksijin, amma babu gado, kuma na'urar iskar da ke aiki tana kan wasu yaran. Ban tsaya dogon tunani ba. Na koma gefe na ciro waya na kira wani abokina da muka yi makarantar sakandare tare, wanda yanzu yake da muƙami a wurin, na ce masa ɗana ne ba shi da lafiya. Kafin rabin sa'a an samar mana gefen gado, an ɗebi jinin ƙanena an auna, an kuma jona wa yaron iska. Ina fitowa domin in sayo allurai sai wata dattijuwa da ke zaune a kan tabarma da jikanta a cinya, riƙe da katin da ta yanka tun la'asar, ta ɗago kai ta ce, "Malam, ɗanka na? Allah shi ba shi lahiya." Na ce, "Amin, Inna, Allah shi ba naki lahiya." Na wuce da sauri, domin na san ta ga lokacin da muka shigo, ta kuma san ta riga mu. Da gari ya waye na dawo da koko da ƙosai, tabarmarta ba ta wurin, ni kuwa ban tambayi kowa labarinta ba.

Yaronmu ya warke, alhamdu lillahi, kuma har yau idan an taɗa zancen a gida ana yaba mini ne a kan na yi zumunci. Hausawa sun ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, kuma mun saba faɗin wannan magana da murmushi, kamar wata ni'ima ce da Allah ya yi wa mai rabo. Abin da ba mu cika tsayawa a kai ba shi ne cewa miyar tukunya ɗaya ce, don haka duk ludayin da aka ƙara wa ɗan gida daga kwanon wani aka rage shi. Idan miyar ta tuwo ce, abin da sauƙi. Idan kuwa gadon asibiti ne, ko ledar jini, ko sa'a huɗu a kan injin wankin ƙoda, to wanda aka rage wa zai iya rasa ransa ba tare da ya taɓa sanin cewa da shi aka yi rabon ba.

Abin da na fahimta tun daga wannan dare shi ne, rabon abin da bai wadata ba a asibitocinmu ana yin sa kullum, safe da yamma, ko da yake babu wanda ya zauna ya rubuta ƙa'idarsa. Idan ba a rubuta ƙa'ida ba, wasu abubuwa uku ne suke yin hukunci a madadinta: kuɗin da ke aljihun mai jinya, nisan garinsu da birni, da kuma lambar wayar da ke cikin wayarsa. Na farkon sananne ne, tunda fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fitowa kai tsaye. Wannan nauyi ya fi tsanani a jiha irin tamu, wadda rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na shekarar 2022 ya nuna cewa kimanin kashi 91 cikin 100 na mutanenta suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, mafi yawa a duk faɗin ƙasar. Mutumin da sai ya sayar da akuya ko buhun gero kafin ya sayi safar hannu da sirinji da ledar ƙarin ruwa, an riga an tura shi ƙarshen layi tun kafin likita ya gan shi.

Na uku, wato alfarma, shi ne ya fi damuna, saboda shi ne wanda muke ɗauka a matsayin halin kirki. Wanda ya karɓi cin hanci ya san ya yi abin kunya, yana kuma ɓoyewa. Wanda ya yi wa ɗan'uwansa alfarma kuwa yana tafiya da ƙirjinsa a buɗe, kuma da ya ƙi yi, da an yi ta maganarsa a wurin suna da wurin ɗaurin aure cewa boko ya raba shi da danginsa. Ma'aikacin asibiti a Sakkwato yana zaune ne a tsakiyar surukai da maƙwabta da abokan mahaifinsa da liman ɗin masallacin unguwarsu, kowannensu kuma yana da haƙƙi na gaske a kansa. Ba na jin za a magance wannan ta hanyar zagin ma'aikata, waɗanda dama su ne kura da shan bugu. Abin da ma'aikacin yake buƙata shi ne wata ƙa'ida bayyananna da zai jingina da ita, yadda idan kawunsa ya kira zai iya cewa, "Kawu, ka yi haƙuri, ba a hannuna abin yake ba, wanda ya fi jin jiki ake fara ɗauka." Ƙa'ida irin wannan kariya ce ga mai rabon kamar yadda take kariya ga wanda ba shi da kowa.

To amma wace ƙa'ida? A nan ne maganar take da wuya, kuma mu ba mu ne farkon waɗanda suka yi karo da ita ba. Sahabban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sun saɓa a kan rabon dukiyar baitulmali. Sayyidina Abubakar ya raba daidai wa daida, bai fifita wanda ya riga shiga Musulunci a kan wanda ya shigo daga baya ba, yana ganin ladan rigaye yana wurin Allah, abin duniya kuwa na biyan buƙata ne. Sayyidina Umar da ya kafa diwani, wato rajistar masu karɓar kaso daga baitulmali, sai ya fifita mutane gwargwadon rigayensu da kusancinsu da Manzo, sannan Sayyidina Ali ya koma ga daidaitawa. Abin da nake ɗauka daga wannan shi ne mutanen kirki suna iya saɓawa a kan ma'auni, amma kowannensu ya bayyana nasa ma'aunin a fili, jama'a sun san shi, kuma ya ɗora shi a kan kansa da iyalinsa kafin kowa. Haka kuma ayar zakka a cikin Suratut Tauba ta lissafa kashi takwas na masu haƙƙi da sunansu, ba ta bar abin ga son ran mai rabo ba, kuma a cikin Suratul Hashri an faɗi dalilin rabon ganima ƙarara, wato don kada dukiya ta riƙa kewayawa tsakanin mawadata kaɗai.

Likitoci ma suna da nasu tarihin. Tsarin tantance majinyata gwargwadon tsananin ciwo, wanda ake bi a ɗakunan agajin gaggawa a duniya, ana danganta asalinsa ga Dominique Larrey, babban likitan tiyata na rundunar Napoleon ta Faransa, wanda ya dage cewa a fara da wanda rauninsa ya fi muni ko da kurtu ne, hafsa kuma ya jira. Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na birnin Siyatil a Amurka. A shekarar 1962 aka buɗe cibiyar wankin ƙoda ta masu ciwon da ba ya warkewa, da gadaje uku kacal, masu buƙata kuwa sun ninka haka sau da yawa. Sai aka naɗa kwamitin mutum bakwai da aka ɓoye sunayensu, cikinsu akwai lauya da limamin coci da ma'aikacin banki da matar aure da shugaban ƙwadago, aka ce su zaɓi wanda za a ɗora a kan injin. Suka riƙa duba shekarun mutum, da yawan iyalinsa, da abin da yake samu, da iliminsa, da sana'arsa, da irin amfanin da suke ganin zai yi wa al'umma. Sakamakon shi ne suka riƙa zaɓen mutanen da suka yi kama da su. Da labarin ya fito a jarida mutane suka ƙyamaci abin, kuma a shekarar 1972 majalisar dokokin ƙasar ta amince gwamnati ta ɗauki nauyin wankin ƙoda ga kusan duk mai buƙata.

Ina kawo wannan labari ne saboda akwai masu cewa a bar wa dattawa da masu faɗa a ji su tantance wanda ya cancanta. Duk ranar da aka ce a auna darajar mutum kafin a ba shi magani, to Alhaji zai riga manomi, namiji mai iyali zai riga bazawara, ɗan boko zai riga almajiri, kuma masu zaɓen za su yi haka da zuciya ɗaya suna ganin maslaha suka bi. A ganina tambayoyin da suka halatta a bakin gado ba su wuce biyu ba: wa ya fi kusa da halaka idan an jinkirta masa, kuma wa maganin zai fi yi wa amfani? Su ma waɗannan biyun sukan yi karo, domin wani lokaci wanda ya fi jin jiki ya riga ya wuce inda iska ko jini za su dawo da shi, alhali na kusa da shi da an taimaka masa yanzu zai tashi. Wannan hukunci ne na likita, kuma nauyi ne da bai kamata a ƙara masa da kiran waya daga sama ba. Idan kuwa mutum biyu suka yi daidai ta kowace fuska, ban ga aibin ƙuri'a ba. Tana da asali a sunna, tunda Manzon Allah yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya, kuma ta fi "wanda ya riga zuwa" adalci a wasu lokuta, saboda wanda ya riga zuwa galibi shi ne wanda gidansa yake kusa.

Wannan ya kawo ni ga abu na biyu, wato nisa, wanda nake ganin ya fi sauran girma ko da yake ba a ganinsa. Duk gardamar da muke yi a kan wanda za a ba gado, muna yin ta ne a kan waɗanda suka iso ƙofar asibiti. Dattijuwar da na gani a baranda tana cikin masu sa'a, domin ta samu kuɗin mota kuma hanyar garinsu tana biyuwa. Jiharmu tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 244, amma manyan wuraren jinya, irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da Asibitin Ƙwararru, da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, duk a cikin birni da kewayensa suke, asibitin ƙashi yana Wamakko, na masu taɓin hankali kuma yana Kware, duk tafiyar ɗan lokaci daga tsakiyar gari. Ba laifi ba ne a tara ƙwararru a wuri guda, haka ake yi a ko'ina, kuma waɗannan asibitoci suna karɓar mutanen Kebbi da Zamfara har da na Ƙonni a Jamhuriyar Nijar. Sai dai mace mai naƙuda da jini ya ɓalle mata da tsakar dare a wani ƙauye na Gudu ko Tangaza ko Kebbe, ko kuma a yankin Isa da Sabon Birni inda 'yan bindiga suka hana mutane bin hanya bayan magariba, ba ta cikin kowane layi. Babu wanda ya hana ta gado, saboda ba ta zo ta nema ba, kuma mutuwarta ba za ta shiga littafin kowane asibiti ba.

Wani likita ɗan Birtaniya mai suna Julian Tudor Hart, wanda ya yi aiki a ƙauyen masu haƙar kwal a yankin Wales, ya rubuta a shekarar 1971 cewa kyakkyawar kulawar lafiya takan yi ƙaranci ne daidai inda aka fi buƙatarta, kuma abin yakan fi muni a duk inda aka bar lafiya a hannun kasuwa. Da ya zo nan da ya ga maganarsa a tsaye da ƙafafunta. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai na ƙananan yaran Jihar Sakkwato suka samu cikakkun alluran rigakafi na farko, mafi ƙanƙanta a ƙasar. Asibitin cutar noma da aka kafa a nan a shekarar 1999, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF take tallafa wa tun 2014, shi kansa shaida ne. Noma, wadda take cin naman fuskar yaro cikin 'yan kwanaki, tana farawa ne da ciwon dasashi da maganin kashe ƙwayoyin cuta mai araha zai iya tsayarwa, kuma yaran da tamowa da ƙyanda suka raunana take kamawa. Duk yaron da aka kawo domin a gyara masa fuska da tiyata, to an riga an yi rabo sau da yawa a baya ba a sa da shi ba: rabon abinci, rabon rigakafi, da rabon ma'aikacin lafiyar da zai leƙa bakinsa da wuri.

Saboda haka nake ganin hukunci mafi nauyi ba a ɗakin jinya ake yanke shi ba, a teburin kasafin kuɗi ake yanke shi, inda babu kukan kowa. A nan ma akwai zaɓi mai ɗaci da ya kamata mu yarda da shi. Mai ciwon ƙodar da ta daina aiki yana buƙatar wanki sau uku a mako, kowane zama kimanin sa'a huɗu, har iyakar rayuwarsa ko har a yi masa dashe, kuma na ga gidajen da suka sayar da gona da fili a kan wannan, ƙarshe kuɗin ya ƙare aka koma gida. Kuɗin da zai riƙe mutum ɗaya a kan injin na shekara guda zai sayi gidajen sauro da maganin zazzaɓi na ɗaruruwan yara, ko ya biya ungozoma a ƙauyen da ba shi da ita. Idan lissafin rayuka kaɗai za a bi, ungozoma ta yi nasara. Amma ba zan iya duban mai ciwon ƙoda in ce masa lissafi ya bar shi a baya ba, musamman da yake hawan jini da ciwon suga da suka kai shi ga haka su ma da an gano su da wuri a ƙaramin asibitin unguwa da bai kai nan ba. Abin da nake ƙi shi ne a riƙa zaɓen abin da za a ɗauki hotonsa ranar buɗewa. Sabon gini da sabon inji suna da ranar yanke kyalle, albashin ungozoma da man janareton firijin rigakafi kuwa ba su da ita, kuma masu amfana da inji su ne masu muryar da ake ji a birni.

Dokoki dai ba su yi mana ƙaranci ba. A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya, kuma gwamnatin tarayyar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta taɓa cika wannan alkawari ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, ta kuma kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da za a riƙa zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, ko da yake sai a kasafin 2018 aka fara sa masa kuɗi. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin marasa galihu. A jiha muna da hukumar taimakekeniyar lafiya, muna kuma da hukumar zakka da waƙafi wadda take taimaka wa marasa ƙarfi da kuɗin magani. A watan Nuwamban 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu ƙaramin ƙarfi. Duk waɗannan alheri ne, sai dai kowane ɗayansu yana da tasa ƙofar, kuma tambayata a kullum ita ce wa ya san da ƙofar, wa kuma yake riƙe da jerin sunayen. Idan aka ce an ware gurbin talakawa dubu kaza a inshora, sannan aka raba fom ɗin ta hannun 'yan siyasar mazaɓa, to alfarmar nan ce dai ta sake riga.

Akwai misalan da suke nuna cewa ana iya rabo da ƙa'ida ko da abin ya yi ƙaranci ƙwarai. Bayan annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kashe dubban mutane a arewacin Nijeriya, an kafa wani kwamitin ƙasa da ƙasa a 1997 da yake ajiye rigakafin gaggawa, yana kuma sakinsa ga inda alƙaluma suka nuna cutar ta kai matakin annoba. Da sanƙarau nau'in C ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu a 2017, ya kashe sama da mutum 1,000, rigakafin wannan nau'i bai wadata a duniya ba, dole aka zaɓi yankunan da cutar ta fi tsanani da kuma yara da matasa aka fara da su. Mutane da yawa sun ji haushi, amma aƙalla ana iya faɗa wa mai jin haushin dalili. Haka nan da rigakafin zazzaɓin cizon sauro ya iso a ƙarshen 2024, an fara da Kebbi da Bayelsa, kuma ba wanda ya san yadda zazzaɓi yake kashe yara a Kebbi da zai ce an yi son kai. A ɗaya gefen kuma mun ga yadda ƙasashe masu arziki suka tara rigakafin korona suka bar Afirka tana jira, har kason farko na kusan miliyan 4 bai iso Abuja ba sai a watan Maris na 2021, sannan daga baya aka yi ta turo mana wanda ya kusa lalacewa, har gwamnati ta lalata sama da miliyan 1 a watan Disamba na wannan shekarar. Mun yi ta kukan rashin adalcin Turawa a lokacin, kuma muna da gaskiya. Sai dai abin da suka yi mana shi ne abin da birni yake yi wa ƙauye, shi ne kuma abin da na yi wa dattijuwar nan, wato kowa ya fara da nasa saboda yana da hanyar yin hakan.

Ba na son in yi kamar na fi ƙarfin abin. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma ba na jin akwai uban da zai tsaya yana karanta ƙa'ida alhali ɗansa yana shure-shure a hannunsa. Shi ya sa ma ba a barin ƙa'ida a hannun wanda abin ya shafa. Da a ce a ƙofar ɗakin yaran nan akwai ma'aikaci guda da aikinsa kawai shi ne ya duba kowane yaro da zarar an shigo da shi, kafin kati da kafin biyan kuɗi, ya rubuta matakin ciwonsa a inda kowa zai gani, da kiran da na yi bai yi wani tasiri ba, kuma mai yiwuwa ne yaronmu ya samu gadon da haƙƙinsa, tunda shi ma yana cikin mawuyacin hali. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Wataƙila ban ƙwace haƙƙin kowa ba, amma hanyar da na bi ta hana ni, ta kuma hana dattijuwar, sanin gaskiyar lamarin.

Makonni kaɗan da suka wuce wani maƙwabcina, mai sayar da kayan miya a Kasuwar Daji, ya yi mini sallama da sassafe. Matarsa ce ba ta da lafiya, an kai ta asibitin nan, kuma ya ji labarin ina da mutum a ciki. Ya ce, "Malam, don Allah ka sa baki." Na daɗe ina juya wayar a hannuna, shi kuma yana tsaye a bakin zaure yana kallona. Daga ƙarshe na kira. Na ce wa abokina ba gado nake roƙa ba, ina roƙon a duba ta da wuri ne a ga halin da take ciki, idan akwai wanda ya fi ta jin jiki a fara da shi. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce da ni kiran da na yi shi ne na shida tun bayan sallar asuba, kuma gadon da ya rage guda ɗaya ne.